Jan Biron Baba da Babi na Huɗu

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau aka yanka ni a aji. Mu goma sha ɗaya zagaye da tebur, kowa da kwafin babi na huɗu na littafina a gabansa, ni kuma ina kujerar ƙarshe ta kusa da taga, wadda muke kira kujerar gawa. Dokar ajin ƙagaggen labari ke nan tun shekararmu ta farko: ranar da ake duba aikinka ba ka da baki. Minti arba'in ana juya labarinka kamar ba ka ɗakin. Ba kare kai, ba bayani, ko gyaran murya ba a so. In an gama ka ce na gode. Malama ta ce mai karatu ba ya samun marubuci zaune a gefensa yana yi masa ƙarin haske, don haka gara mu saba tun yanzu.

Da farko abin ya tafi lafiya. Doguwa, ƙawata, ta ce telan da ke cikin labarin ya zauna mata a rai, musamman yadda yake ninke gyalen matarsa yana warwarewa. Wani ya ce sakin layin farko ya yi tsawo. Sai Sarkin Suka ya cire gilashinsa ya ajiye a kan tebur. Mu muka raɗa masa sunan, kuma yana amsawa da murna.

Ya ce, "Shafi na hamsin da uku, wajen ƙasa. Wannan jimlar ƙarya ce. Babu uban da zai dubi ɗan cikinsa ya faɗa masa haka, kwana uku da yin rashi. Marubuciyar so take ta sa mu kuka da ƙarfin tsiya."

Mutum shida suka gyaɗa kai, na ƙirga su. Wata ta ce irin maganar fim ce. Wani ya ce telan ya zama dodo, kuma dodo ba ya ba mutum tausayi. Ni ina zaune ina kallon fanka tana juyawa, na danne harshena da haƙori har ya yi zafi. Malama rubutu kawai take yi. Da lokaci ya cika ta ɗago ta dube ni, na ce na gode.

Jimlar kalma tara ce. Ba zan rubuta ta a nan ba. Na rubuta ta sau ɗaya, ya isa.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Saura kwana ashirin da uku a miƙa littafin, a ɗaure da bango, kwafi uku. Shi ne aikina na kammala digiri, babi shida.

Na dawo na tarar Baba ya share teburin falo, ya jera rula da madubin ƙara girman rubutu da jan biro sabo fil guda biyu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba rubutu a maɗaba'a kafin idonsa na hagu ya yi yana. Tun ina firamare babu takardar da ta taɓa fita daga gidan nan bai bi ta ba. Ko wasiƙar neman izinin rashin zuwa makaranta sai ta sha ja.

Ya ce, "Auta, ranar Asabar za mu fara. Babi ɗaya a zama ɗaya, bayan karin kumallo, lokacin da ido ke da ƙarfi. Ke karatu, ni bi."

Haka suke yi a wurin aikinsu. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, har da waƙafi da aya da komai, ɗayan yana bin takarda da rula layi bayan layi. Wato da bakina zan karanta masa. Wata takwas ina rubuta littafin nan, kuma ban taɓa zama na yi tunanin wannan teburin ba. Ban san inda na ajiye hankalina ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na mayar da Baba tela, na ba shi gemu, na ƙara masa tsawo. Wa nake yaudara?

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na gwada ƙarya. Na ce masa sashenmu ya hana a ba wani na waje aikin ɗalibi ya duba, wai ana ɗaukar hakan satar amsa.

Ya leƙo ni ta saman madubinsa. "Waƙafi ne satar amsa?"

Na ce ni dai haka aka ce.

"To ba ni lambar malamar taku in ji daga bakinta. In ta ce a bar ki ki miƙa littafi da kurakurai kamar ƙura a kan tabarma, sai in san irin makarantar da na kai ki."

Na ce a'a, wataƙila ni ce ban fahimta ba. Ya ce shi ma haka ya zata. Ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Ko minti biyu ƙaryar ba ta yi a raye ba, ni da ake cewa ina koyon ƙaga labari.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Babi na ɗaya ya wuce. Kurakurai ashirin da bakwai, kuma Baba ya fi kowa farin ciki da su. Duk wanda ya kama sai ya ce "Tsaya!" kamar ɗan sanda ya ga mai laifi, ya zagaye shi da ja, ya rubuta gyaran a gefe, sannan ya ce, "Karanta yadda aka gyara." Sai na sake karanta layin, ya ce, "Daidai. Ci gaba." Wannan dokarsa ce, ba a wuce gyara sai an maimaita shi da baki.

Na yi ta cewa waƙafi, aya, buɗe zance, rufe zance, har muryata ta dushe. A wajen da telan ya yi wa wani ango wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, Baba ya yi dariya har rula ta zame masa ya ɓata layi. Rabon da in ji wannan dariyar na manta. Da muka gama ya ce, "Ashe dai kin iya." Ya faɗa yana rufe biro, ba tare da ya dube ni ba.

Na shiga ɗaki na kwanta rub da ciki. Da ma bai ji daɗinsa ba, da na samu hanyar cewa mu bari.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na fita bakin titi wajen shagon gyaran takalmi na kira Yaya. A cikin gida ba na kiransa. Ba wanda ya hana ni, ba na yi ne kawai. Shekara shida ke nan da ya tafi, yana can wani gari yana aikin haɗa wayoyin lantarki, kuma ni kaɗai ke da lambarsa.

Na gaya masa abin da littafin ya ƙunsa.

Ya ce, "Har da ranar?"

Na ce har da ita.

"Ke da kike kicin, me kika sani?"

Na ce ƙofar kicin ba ta rufuwa sosai, shi ma ya sani, ai shi ya ɓalle mata sakata muna yara. Ina jin ƙarar wata na'ura a bayansa.

"Ya san kin ji?"

Na ce bai sani ba. Na fito da shayi bayan minti goma kamar ban ji komai ba, kuma tun daga ranar haka nake fitowa da shayi.

Ya ce, "Rubuta abin da kika ga dama, Auta, littafinki ne. Amma kar ki sa ni kuka a ciki, ban yi kuka ba. Kuma ki yi hankali da hawan jininsa. Ke kaɗai gare shi."

Ni kaɗai gare shi. Shi ma shi kaɗai gare ni a gidan nan, wannan ba wanda yake faɗa.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Babi na biyu. Kurakurai goma sha tara.

Ana tsakiyar karatu ya ce, "Wannan telan naki akwai taurin kai. Kuma me ya sa sai ya yi tari sau biyu kafin ya yi magana?"

Na ce haka na gan shi a raina.

Ya yi tari sau biyu ya ce, "Ci gaba."

Ban sani ba ko da gangan ya yi. Na kasa kallonsa in tabbatar.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ban je aji ba, yau aikin wani ake yankawa. Na zauna a ɗakin karatu na jami'a, can ƙurya bayan kantar tsofaffin mujallu, na buɗe kwamfuta na goge kalma taran nan. A madadinsu na sa telan ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, ba na son ganinka yau."

Na karanta shafin sau biyar. Yana da tsafta. Kowane uba zai iya faɗar haka cikin ɓacin rai, kowane ɗa zai iya yafewa kafin gari ya waye. Sarkin Suka zai ji daɗi. Baba zai iya wucewa ta kai da rularsa ya ce ƙagaggen labari ne, ni ma in ce ƙagaggen labari ne, mu sha shayi.

Na ajiye tsohon a wani fayil daban. Yanzu babi na huɗu biyu gare ni, kuma duka biyun ba na son buɗe su.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ofishin Malama ƙarami ne, littattafai har kan kujerar baƙi, sai na kwashe na ɗora a cinya kafin na zauna. Ta karanta sabon shafin a tsaye, ta miƙo min.

Ta ce, "Wa ya ce ki taɓa wannan?"

Na ce ai 'yan aji sun ce ba za a yarda da shi ba.

"'Yan aji sun faɗi abin da suka ji, ke aka bar wa hukunci. In wannan ne kawai abin da telan ya faɗa, me ya sa ɗansa ya tafi bai dawo ba? Babi na biyar da na shida a kan me suke tsaye? Kin zare ginshiƙi kin bar rufi a sama." Ta zauna ta dube ni sosai. "Ba na tambayar ɗalibaina inda suka samo labari, kuma ba zan fara a kanki ba. Abin da zan gaya miki shi ne, da tsohuwar jimlar littafi gare ki. Da wannan, aikin makaranta gare ki, zan ba shi makin da ya dace da shi, ki wuce, mu manta da juna."

Na so in ce mata, Malama, ke maki za ki bayar ki tafi gidanki. Ni da mutumin nan nake cin abinci a tebur ɗaya, ni nake ƙirga masa ƙwayoyin magani a tafin hannu kowace safiya. Amma shekara huɗu an koya min abin da ake cewa. Na ce na gode.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Saura sati biyu. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe

Babi na uku. A cikinsa ne matar telan take shirin zuwa duba 'yar'uwarta, telan ya ce aiki ya yi masa yawa, babban ɗansu ya tuƙa ta tunda ya samu lasisi. Tana ta neman gyalenta mai ruwan toka, daga ƙarshe ta yafa wani ta ce in an gani a ajiye mata. Babin ya ƙare da motar tana fita daga layi.

Gyalen Mama mai ruwan toka ne. Ban canza launin ba. Na canza sana'a, na canza gemu, na manta gyale.

Baba bai ce "Tsaya" ba tun daga shafi na uku na babin. Rula tana sauka, ni ina karatu, agogon bango yana bugawa. A shafi na arba'in da ɗaya na ga kalma ta maimaitu sau biyu a jere, ƙiri-ƙiri, irin kuskuren da yake hangowa daga ƙofar ɗaki. Na karanta ta sau biyu yadda take, na ɗan dakata. Rula ta wuce.

Shekara talatin da ɗaya, kuma yana alfahari ba a taɓa dawo da aikin da ya sa wa hannu ba. Yau ya bar kuskure ya wuce a gabana, kuma ni na jawo.

Da muka gama ya rufe biro ya ce, "Litinin." Ya shiga ɗakinsa. Abincin rana na mayar da shi kicin yadda na kawo.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na auna masa jini, ya hau kaɗan. Ya ce gishiri ne na cika a miya. Na ce eh, gishiri ne.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe goma na safe

Abin da na yi abin kunya ne, amma zan rubuta. Jiya na cire babi na huɗu gaba ɗaya daga kwafinsa. Na mayar da na biyar ya zama na huɗu, na sake jera lambobin shafi, na je shagon buga takardu na fitar da sabo. Na ce a raina littafi mai babi biyar ma littafi ne.

Ya bar ni na karanta shafi biyu cur. Telan yana cin abinci shi da 'yarsa, kwano biyu a kan tebur.

"Tsaya."

Na tsaya.

"Ina yaron?"

Na ce ya tafi.

"Na ga ya tafi. A wane shafi ya tafi?" Ya juya takardun baya, ya dawo gaba. "Mota ta fita da mutum biyu. Nan kuma an yi rashi an gama, yaro ba ya nan, ba wanda ya tambaya. Auta, ni ban yi jami'a ba, amma na san littafin da aka zare wa shafuka. Ko a hannu nauyinsa daban ne."

Na ce salo ne, ana barin giɓi mai karatu ya cike da kansa. Har da sunan salon na faɗa masa, yadda aka koya mana.

Ya ce, "Giɓin da marubuci ya bari daban, wanda ya ɓoye daban." Ya daidaita takardun ya ɗora rula a kai. "Ba na duba rabin aiki. Ranar da kika kawo abin da ya faɗi, ma ci gaba."

Ya bar komai a kan tebur yadda yake. Yanzu a kan cinya muke cin abinci.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ina kwana, lafiya lau. Ga maganinka, to. Sannu da dawowa, yawwa. Maganarmu ta yau ke nan gaba ɗaya.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe uku na rana

Aji. Yau Sarkin Suka ne a kujerar gawa. Labarinsa na wani attajiri ne a jirgin ruwa, shi da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba. Na shirya masa wankin babban bargo tun a hanya. Da aka zo kaina na ga yadda ya matse hannuwansa a tsakanin gwiwoyi, kunnuwansa sun yi zufa, sai na ce sakin layi na biyu ya yi kyau. Doguwa ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Bayan an tashi ta ja ni gindin bishiyar da ke bayan sashe ta ce, "Ke wai lafiyarki? Kin rame kamar an matse ki."

Na gaya mata rabi. Ta ce abin ai da sauƙi, in ba Baba mai laushin, in miƙa wa Malama na gaskiyar, kowa ya samu nasa. Na ce kin manta waye Babana. Tun wata biyu da suka wuce ya yi magana da tsohon abokin aikinsa mai ɗaure littattafai. Shi da kansa zai kai, shi zai tsaya a ɗinke, kuma zai buɗe kowane kwafi ya bi lambobin shafi kafin ya karɓa. Abin da ya bi da rula shi za a ɗaure.

Ta ce, "To ki kai wani wuri a ɓoye mana."

Na ce in ɗaure littafi biyu, ɗaya na uba ɗaya na makaranta? Ranar da ya je bikin yaye mu ya ce a nuna masa inda aka ajiye aikin 'yarsa fa? Doguwa ta ce ni dai na cika neman wahala. Ta saya min lemo, na riƙe shi har ya huce ban sha ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Saura sati ɗaya. Ya goge ƙurar da ta hau kan takardun da hannun rigarsa, ya mayar da rula inda take. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, mai ɗaurin ya ce Laraba ce ranar ƙarshe in ana so gam ya bushe.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na tura wa Yaya saƙo na ce ban san yadda zan yi ba. Ya amsa da cewa, "Ni ma ban sani ba, shi ya sa na tafi."

Ni ba ni da inda zan tafi. Ɗakina yana kallon nasa.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je shagon buga takardu da fayil biyun. Mai shagon ya ce wanne? Na tsaya har ya sallami mutum biyu da suka zo bayana. Na ce na biyun, mai laushin.

Shi ke nan. Makin da ya dace da shi, in wuce, mu manta da juna. Na zaɓi Baba. Na yi zaton zan ji sauƙi, amma ji nake kamar na tura Yaya waje da hannuna na rufe ƙofa.

Na ajiye babin a kan tebur ƙarƙashin rula. Ya gani, ya ce, "Gobe."

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Gara in rubuta yanzu.

Mun zauna ƙarfe tara. Ya sa farar rigarsa ta zuwa aiki, wadda ya daina sawa tun da ya yi ritaya. Na fara. Waya ta zo wa telan a shago, motar ta yi haɗari. Asibiti. Ɗan ya fito da ɗauri a hannu kawai, uwar ba ta fito ba. Na karanta duk wannan da waƙafinsa da ayarsa, muryata kamar ta mai karanta sanarwa. Ya kama kurakurai huɗu, na maimaita su yadda aka gyara, ya ce daidai.

Muka zo kwana na uku. Baƙi sun watse. Telan yana zaune a falo ya sami gyalen a bayan kujera, yana ninkewa yana warwarewa. Ɗan ya shigo ya durƙusa a gabansa ya ce a yafe masa. 'Yar tana kicin tana jiran ruwa ya tafasa.

Na karanta, "Telan ya yi tari sau biyu ya ce, waƙafi, buɗe zance, tashi ka ba ni wuri, waƙafi, ba na son ganinka yau, aya, rufe zance."

Na yi sauri zan faɗa layi na gaba.

"Tsaya."

Rular ba ta motsa ba. Ya daɗe yana kallon layin ta cikin madubi. Sannan ya buɗe biro, ya ja layi ɗaya a kan jimlar tun daga farko har ƙarshe, a miƙe, ya fara rubutu a gefen shafi. A hankali yake yi, harafi bayan harafi, irin rubutunsa na maɗaba'a wanda ba mai cewa bai gane ba. Ya juyo da takardar ta fuskance ni.

Ya ce, "Karanta yadda aka gyara."

Na ce, "Baba, labari ne kawai."

"Wadda ta san a bayan kujera aka sami gyalen, ta san sau nawa aka ninke shi, ta ji sauran. Karanta."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce ba a wuce gyara sai an maimaita, na sani.

Na karanta. "Buɗe zance. Da ma kai ne ka mutu, waƙafi, ba ita ba. Aya. Rufe zance."

Ko kalma ɗaya bai canza ba, ko ɗaya bai rage ba. Shekara shida ina zaton ya manta yadda ya faɗa, ko ya gyara ta a ransa ta zama wani abu mai sauƙi, kamar yadda na yi a ɗakin karatu.

Ya ce, "Daidai."

Muka zauna. A waje wani yana ta buga ƙofar maƙwabta ba a buɗe ba. Hawaye suna zuba a kan kwafina har tawada ta fara baje, ban share ba. Shi bai yi kuka ba, sai dai ya kama gefen tebur da hannu biyu.

Can ya ce, "Kullum kina kawo min shayi, kina sane."

Na ce eh.

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki rula ya saukar da ita layi ɗaya. "Ci gaba."

Na ci gaba. Ɗan ya miƙe, bai yi kuka ba, ya ɗauki jakarsa da hannu ɗaya. Muka kai ƙarshen babin. Kurakurai bakwai gaba ɗaya, har da wancan, ya rubuta adadin a saman shafin farko ya sa hannu kamar kullum.

Ya ce gobe za mu haɗa na biyar da na shida a zama ɗaya don mu cim ma Laraba. Na ce to. Na fara tattara takardu.

"Kwafi nawa makarantar ta ce?"

Na ce uku.

Yana ta ƙoƙarin mayar wa biron murfinsa, hannun yana kaucewa. Sau uku yana gwadawa. Na miƙa hannu zan karɓa, ya hana ni.

Ya ce, "A ɗaure huɗu. Ke kika san inda yayanki yake."